Goron da Baba Ya Karɓa Sau Biyu

Wasilatu na sauka daga babur, ledar maganin hawan jini rataye a hannunta, sai ta tarar da Gwaggo Awawu a bakin ƙofa tana taunar goro, baki har kunne.

"Amarya, an dawo?"

Wasilatu ta tsaya da makullin babur a hannu. "Gwaggo, wace amarya kuma?"

"Ke mana, ko akwai wata a gidan nan? Mba Saaka ya zo da mutanensa, sun kawo goron tambaya saboda ɗansa Basit, mai shagon siminti. Babanki ya karɓa da hannu biyu, ya ce ya ba su. An shafa fatiha. Yanzu haka goron yana masallaci, ana raba wa waɗanda suka yi azahar."

Wasilatu ta rataye ledar maganin a jikin babur.

Awa uku fa kacal ta yi a layin asibiti. Shekara biyu ke nan ba ta taɓa barin tsohon nan da baƙo ba sai tana kusa. Ganin Gwaggo ta zo daga Kumasi shekaranjiya ne ya sa ta ce bari yau ta je ta karɓo magani hankali kwance. Ita kuwa Gwaggo, baiwar Allah, ina ta san abin da ke ƙasa? Ba ta san cewa wata uku da suka wuce Malam Ɗankande, kawun saurayinta Abdul-Razak, ya zauna a kan tabarmar nan ya ajiye irin wannan goro ba. Ran nan ma mahaifinta Alhaji Usumanu da hannu biyu ya karɓa, ya ce ya ba su. An dai bar maganar a cikin gida, ana jiran yayanta Abdul-Mumuni ya samu hutu ya zo daga Ankara, babban birnin ƙasa, kafin a sanar da jama'a.

'Ya ɗaya, an ba da ita sau biyu. Kuma wanda ya bayar ɗin shi ne mutumin da duk unguwar Sakasaka ke kira Alhaji Magana Ɗaya.

Shekara arba'in ya yi yana dillancin shanu, ba a taɓa jin ya ce eh da safe ya koma a'a da yamma ba. In za a sayar da fili, shi ake nema shaida. In ma'aurata sun saɓa, gabansa ake zuwa. Ba shi da bene, ba shi da mota. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Bayan rasuwar matarsa Zuleiha ne abin ya fara. Yau ya sa takalmi a cikin tukunya, gobe ya yi sallar asuba sau uku, jibi ya ci tuwo ya wanke hannu ya ce an hana shi abinci. Wasilatu ta kai shi asibiti. Wata nas mai suna Madam Rosina ta ja ta gefe ta ce, "Ƙanwata, ciwon mantuwa ne na tsufa. Ba hauka ba ne, ba jifa ba ne. Amma maganinsa ba mu da shi, likitan ma da ke duba irinsa layinsa sai an yi watanni. Ke ce maganinsa. Ki kula da shi, ki kula da kanki."

Ke ce maganinsa. Magana dai mai sauƙi a baki.

Ta ajiye aikin koyarwa da take yi a Kasalgu, ta koma sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida don idonta ya kasance a kansa. Ta ɗinka lambar wayarta a cikin aljihun kowace rigarsa. Sannan ta fito da wata dabara. Duk baƙon da ya yi sallama, ita ke riga kowa fitowa, ta ɗaga murya: "Maraba da Malam wane, ya jikin Hajiya wance, ya kasuwar doya?" Baba sai ya cafke sunan daga bakinta, ya ɗora gaisuwa a kai kamar shi ya tuna. Mutanen unguwa har tsiya suke mata, wai Wasila gaisuwarta kamar mai shela. Ita kuwa sai ta yi dariya, don ta san abin da take rufewa.

Ta shiga ɗakin tsohon ta durƙusa a gabansa. Yana zaune yana jan carbi, fuskarsa fes.

"Baba, wa ka ba wa ni yau?"

Ya dube ta ya yi dariya. "Wa zai ba da ke? Ke da ko firamare ba ki gama ba."

Shekararta ashirin da tara. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"Zuleiha ta dawo daga kasuwa?"

"Tana hanya, Baba."

Ana idar da la'asar ta ji tsayuwar babur a ƙofa, ta kuma san ko na wane ne. Abdul-Razak ya shigo zaure da kayan aikinsa na gyaran babur, ko baƙin man hannunsa bai tsaya wankewa da kyau ba. Bai zauna ba. Ya buɗe tafin hannunsa, ga farin goro guda ɗaya.

"A masallaci aka miƙo mini. Na ce na mene ne, aka ce na Wasilatu 'yar Alhaji ne da Basit. Har addu'a na shafa, Wasila, don kar a ga fuskata."

"Razak, ba na gida. Wallahi ba na gida."

"Na sani. Ba ke nake zargi ba, ba kuma Baba ba."

Ya kuwa sani. Duk duniya, ban da ita da yayanta, shi kaɗai ya san halin da ake ciki. Bara shi ya tsinci tsohon a hanyar Gumani da tsakar rana, ba takalmi, yana tambayar masu keke ina aka kai shanunsa. Ya goyo shi a babur har gida, bai faɗa wa kowa ba. Tun daga ranar, duk Juma'a shi ke zuwa ya yi masa aski, ya yanke masa farce, ya kai shi masallaci ya dawo da shi. In Wasilatu ta ce tana son Abdul-Razak, to rabin son nan a wurin askin nan ya tsiro.

"Abin ba wuya," in ji shi. "A kira liman, a kira Mba Saaka, a gaya musu gaskiya. Baba ba shi da lafiya, bai san ya yi ba. Shi ke nan."

"A'a."

"Don me?"

"Ka san mutanenmu. Ba wanda zai ce ciwo ne. Za su ce Alhaji ya haukace. Wasu su ce shaidar zur ya taɓa yi, Allah ya kama shi. Yara su riƙa bin sa suna tambayarsa sunansa. Mutumin da in ya doso ake tashi a ba shi kujera."

"To ya kike so a yi?"

"Ni zan je wurin Basit in ce ba na son sa. A ce 'yar Alhaji ba ta da kunya, ta watsa wa ubanta ƙasa a ido. Na yarda, a zage ni."

"Sai kuma me? Kin ƙi wanda ubanki ya ba ki a gaban jama'a, gobe a ga kin auri mai gyaran babur? Ai cewa za a yi ni na hure miki kunne. In kuma muka ce tun farko mu aka ba, to mun ce Baba mai baki biyu ne. Ta ina za mu fita?"

"Mu jira."

"Har yaushe?"

Ta kawar da kai gefe, ya matso.

"Har yaushe, Wasila? Shekara huɗu nake bin ƙofar nan. Mahaifiyata ta ce in Babbar Salla ta wuce ba a ɗaura ba, ita za ta zaɓo mini. Ƙannena biyu sun riga ni. Jira har yaushe? Sai ya mutu?"

Maganar na fita ya kama bakinsa. Amma ta riga ta fita.

Wasilatu ta fashe da kuka, irin wanda take haɗiyewa shekara biyu. "Eh, faɗi. Ai ni ma na taɓa tunaninsa. Ran da ya hana ni zama tun safe, ya zubar da kokon sayarwa, ya kira ni ɓarauniya, na ce a raina yaushe zan huta. Sai na ji na tsani kaina. Razak, ni kaɗai ce. Yaya sai dai ya bugo waya ya ce in yi haƙuri. Na gaji, wallahi na gaji, kuma kai kaɗai nake gani in ji sanyi. Amma akwai ranar da hankalinsa ya dawo, ya riƙe hannuna ya ce, 'Wasila, na san wani abu yana cin kaina. Kar ki bari a gan ni haka.' Na ce masa to. Ka taɓa ganin ubanka yana roƙonka?"

Abdul-Razak ya tsuguna a gabanta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ki yafe mini. Ba haka nake nufi ba. Tsoro nake ji in rasa ki."

"Ba za ka rasa ni ba. Ka ba ni lokaci kawai. Ka yi mini alkawari ba za ka gaya wa kowa ba."

Ya daɗe yana kallon goron hannunsa. "Allah ya zaɓa mana mafi alheri," in ji shi, ya miƙe ya fita.

Sai bayan ƙarar baburinsa ta ɓace ta tuna bai ce ya yi alkawarin ba.

Kwana uku mata na shigowa yi mata barka, tana amsawa da yaƙe. Ta je shagon Basit sau biyu, aka ce ya tafi Tema ɗauko kaya. Ranar Juma'a Abdul-Razak ya zo kamar kullum. Ya shimfiɗa tawul a kafaɗar tsohon, ya yi masa aski a hankali yana ba shi labarin kasuwar shanu, Baba na ta dariya. Wasilatu ta leƙo daga madafa ta gan su, ta ji zuciyarta ta yi sanyi. Ta ce a ranta ashe ya haƙura. Ita ta ɗauko wa Baba farar rigarsa ta Juma'a, ta sa masa turare, ta riƙe shi ya hau babur.

Tana tuƙa tuwo ta ji sun dawo. Sai dai takun ba na mutum biyu ba ne.

Ta yar da muciya ta fito da sauri. Zaure cike. Ga liman, ga Mba Saaka, ga Malam Ɗankande, ga wasu dattawa uku na sahun gaba. An zaunar da Baba a tsakiya, yana ta murmushi yana bin su da kallo, yana jiran muryarta. Ta buɗe baki za ta fara.

"Wasila," in ji Abdul-Razak, bai dube ta ba. "Don Allah yau kar ki kira sunan kowa."

Kai, da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige.

"Iyayena, ku gafarce ni," Abdul-Razak ya ci gaba. "Ba raini ya sa na tara ku ba. Baba ubana ne. Amma ba shi da lafiya, kuma ita ce ke faɗa masa sunayenku in kun zo. Na san in na faɗa da baki ba za ku yarda ba." Ya durƙusa kusa da tsohon, ya nuna Mba Saaka. "Baba, wane ne wannan?"

Tare suka yi shekara talatin a kasuwar shanu, shi da Mba Saaka. Kwano ɗaya suke ci.

Alhaji Usumanu ya faɗaɗa murmushi. "Haba, ai namu ne. Ya gida? Ya yara?"

"Sunansa, Baba."

Tsohon ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar. Ya juyo wajen Wasilatu yana kallon bakinta. Idanun dattawan nan shida su ma suna kan bakin nata. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

"Ran Talata wa ya kawo maka goro?" in ji Abdul-Razak.

"Goro? Ba wanda ya kawo goro gidan nan."

Mba Saaka ya zabura zai yi magana, sai ya dubi idon abokinsa ya koma ya zauna a sanyaye.

"Ya isa haka," in ji liman.

Da ya tsaya nan, da wataƙila da sauran gyara. Amma mutum in tsoro ya kama shi ba ya sanin inda zai tsaya. Abdul-Razak ya nuna Wasilatu. "Wannan fa, Baba? Wace ce?"

"Razak," ta ce a hankali. "Kar ka yi."

Baba ya ƙura mata ido, ya daɗe. Sannan fuskarsa ta washe, kamar ɗalibin da a ƙarshe aka yi wa tambayar da ya sani. "Wannan ai yarinyar nan ce mai kawo mini koko. Tana da kirki ƙwarai. Ban dai san iyayenta ba."

Gwaggo Awawu da ke bayan labule ta toshe baki da mayafi.

Tsohon ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Bai san me ya faru ba, amma ya ga kowa ya sunkuyar da kai. Murmushin ya gushe.

"Na yi wani laifi ne?"

Sai ga danshi yana bin farar rigar daga cinya, yana gangarowa kan tabarma. Wasilatu ta fizge mayafinta ta rufa masa, ta tsaya a gabansa ta kare shi da jikinta. Amma an riga an gani. Har waɗanda suka biyo sahu daga masallaci suna leƙe ta ƙofa sun gani. Ta ji wani a waje yana cewa, "To filin Gumani da ya yi wa shaida bara fa?"

Mba Saaka ya share ido da bakin rigarsa. "Usumanu, ashe haka kake ban sani ba. Malam, ni na janye. Goron nan ya zama sadaka, Allah ya ba shi lafiya."

Malam Ɗankande ya gyara zama. "To alhamdu lillahi. Tunda haka ne, namu na nan. Mu wata uku ke nan da ya ba mu."

Liman ya dubi Abdul-Razak. "Yaro, tun yaushe ciwon nan ya same shi?"

"Shekara biyu ke nan, Malam," ya amsa da sauri.

"Shekara biyu." Liman ya jinjina kai. "To ai wata uku yana cikin shekara biyu. Bakin da ka nuna mana bai san abin da yake faɗa ran Talata ba, shi ne dai ya ba ku. In ta Saaka ta faɗi, taku ma ta faɗi. Ba za mu ɗauki wadda ta yi mana daɗi mu bar ɗaya ba. Magana ta koma hannun yayanta, da ita kanta." Ya juyo. "Wasilatu, ke me kika ce?"

"Malam, ku ba ni wuri in canja wa Baba kaya."

Dattawan suka miƙe. Kowa ya zo fita sai ya ɗan rusuna wa Alhaji kamar yadda aka saba, amma ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

Abdul-Razak kaɗai ya rage. Da ta kama hannun Baba na dama za ta ɗaga shi, ya matso zai kama na hagu.

"Cire hannunka."

"Wasila, ki saurare ni. Ba a rasa komai ba. Zan kira Yaya Abdul-Mumuni yau ɗin nan, ya san ni, ba zai hana ni ba. Ki ce eh kawai. Mu biyu za mu riƙe Baba, ba za ki ƙara yin wahalar nan ke kaɗai ba. Don mu na yi."

"Na sani don mu ka yi." Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa. "Da safen nan kana masa aski kana ba shi dariya, ka san inda za ka kai shi. Ni na sa masa rigar da hannuna, na sa masa turare."

"Ban san abin zai kai haka ba. Wallahi ban sani ba."

"Liman ya ce ya isa, ka ƙara. Na ce kar ka yi, ka yi. Kullum yana mance ni, Razak, na saba, a ɗaki ne, daga ni sai shi. Yau ka sa ya faɗa a gaban mutane." Ta haɗiye kuka. "Ina son ka. Ko yanzu da nake maganar nan ina son ka, shi ya sa abin yake ci na. Amma duk ranar da na kalle ka zauren nan zan gani. Shi zuwa la'asar ya mance. Ni ce ba zan mance ba."

Ashe ma bai kai la'asar ba. Alhaji Usumanu ya miƙe da ƙyar, mayafin 'yarsa ɗaure a ƙugunsa. Ya ga saurayi durƙushe a gabansa yana kuka, sai tausayi ya kama shi. Ya dafa kansa.

"Yaro, me aka yi maka? Daina kuka, kai da kake da ladabi haka. Kana da aure?"

Abdul-Razak ya girgiza kai.

"To ina da 'ya, malamar makaranta ce. Ka turo manyanka, na ba ka."

Kukan Abdul-Razak ya ƙwace, ya kifa goshinsa a kan ƙafar tsohon. Wasilatu ta janye ubanta a hankali, ta ɗaga labule.

"Mu je, Baba, in haɗa maka ruwan wanka." Ta shigar da shi, sannan ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Gwaggo, in baƙon ya fita ki sa sakata."